Kofin Bakin Taga

Tun da hantsi zazzaɓin ya fara taɓa ni, na ƙi kula shi. Ina ni ina kwanciya, alhali gobe Asabar za a buɗe gidan tarihin ekklesiyarmu, kuma ni aka damƙa wa makulli? Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da tarihi a sakandare. Da na ajiye alli, dattawa suka ce, "Malam Irmiya, ga aikin da ya dace da kai." Na karɓa har da ɗaga kafaɗa. Ɗaki uku ne a tsohon ginin mishan da ke bayan hedkwata. Muka bi majami'un ƙauyuka muka tattaro kaya: keken mai bishara na farko, guntun ƙarfen dogo da ake bugawa a kira sujada tun ba a san ƙararrawa ba, hotuna, da rajistar baftisma wadda gara ta ci rabinta. Abin da ya rage min shi ne in rubuta wa kowane abu ɗan katinsa, mene ne shi, daga ina ya fito. Da ƙarfe huɗu Dattijo Haggai, shugaban kwamiti, zai zo ya duba.

Kati ɗaya ne ya tsaya min a maƙogwaro. A cikin buhun da aka kawo daga Rafin Kanya akwai wani kofin ƙarfe mai farin fenti, duk ya ɓaɓɓare, an yi masa manyan kunnuwa biyu da waya, an naɗe wayar da tsumma. 'Yan kwamiti suka yi ta juya shi suna dariya, ba wanda ya san na mene ne. Ni na sani, na yi gum. A da mishan na da sansanin kutare a Rafin Kanya. Ranar Jibin Ubangiji, wato ranar da masu bi ke kurɓa daga kofi ɗaya a sujada, masu lafiya su sha a cikin majami'a da nasu kofin, kutare kuwa su yi layi a waje bakin taga a miƙo musu wannan. Kunnuwan nan don wanda ba shi da yatsu ne, ya zura dungun hannunsa ya ɗaga. A gindin kofin an karce sunaye da ƙusa. Na huɗu Liyatu. Uwata ke nan.

A sansanin aka haife ni. Ranar da na faɗo aka ɗauke ni zuwa gidan jarirai na mishan, don haka ake yi wa 'ya'yan kutare kada su ɗauki ciwon. Na yi karatu, na bar ƙauye, na yi aure a birni, na zama mutum. Duk wanda ya tambaye ni hannun Inna, sai in ce gobara ce. Matata ma da gobara ta sani, ko kuwa ta gane ta yi min kara, ban taɓa bincika ba. To yau da safe ƙanwata Damaris ta bugo waya, wai Inna ta ji labarin buɗe gidan, ta kafe sai ta zo. Na ce hanya ba kyau. Na ce taron manya ne, za a yi cunkoso. Damaris ta ce, "Yaya, ka faɗa mata da bakinka," ta kashe wayarta. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na san ba da Damaris nake fushi ba.

Sai na ɗauki biro, na rubuta da kyakkyawan rubutun nan nawa na malaman da: Kofin ba furanni ruwa a lambun mishan, Rafin Kanya. Na jingina katin a jikinsa. Na haɗiyi ƙwaya biyu na zauna. Hadari na haɗuwa a gabas, iska ta tsaya cik, garin kamar an kife masa tukunya. Na ce bari in ɗan sa kai a tebur, minti biyar kawai. Na ɗora goshina a kan hannuwana.

Abin da na fara ji tauna ce. Ƙus-ƙus, ƙus-ƙus, a hankali, irin ta wanda ba ya sauri don ya san abincin ba zai gudu ba. Na ɗaga kai. Wani ɗan tsoho ne zaune a kan rajistar baftisma, tsawonsa bai wuce kwalbar manja ba, kansa ja, jikinsa fari fat irin na wanda bai taɓa shiga rana ba, sanye da kakin masinja. Yana yagar gefen shafi yana kaiwa baka.

"Sannu da aiki, abokin sana'a," ya ce.

"Kai! Wa ye abokin sana'arka? Sauka min daga kan littafin nan!"

"Gara," ya ce, ya ɗan rusuna. "Na riga ka kama aiki a gidan nan da shekara saba'in. Ni daga gefe nake farawa, kai kuwa ka fara daga tsakiya. Hannunka ya fi nawa sauri, na sara maka."

"Ni adanawa nake yi."

"Ni ma adanawar nake yi." Ya shafa tumbinsa. "Taso ka ga inda kayanka suke kwana."

Ya kama gefen wani shafi ya ɗaga, sai shafin ya miƙe tsaye ya zama ƙofa, ramukan da ya ci suka zama ƙananan tagogi. Ban ga ya girma ba, ban ji na ƙanƙance ba, amma da muka shiga kafaɗarmu ɗaya.

Ɗakin da muka faɗa shi ne na farko a gidan tarihin, na gane shi da tsagar bangon kudu, sai dai ya yi tsawo har ƙarshensa ya ɓace cikin wani haske mai ruwan toka. Ba rana, ba fitila, hasken daga ƙasa yake tasowa. Keken mai bishara na zagaye ɗakin shi kaɗai, feda na juyawa ba ƙafa a kai. Duk sanda ya zo wucewa ta gabanmu sai ya rage gudu ya tambaya da muryar tsohuwar sarƙa, "Don Allah, ƙauye na gaba da saura?" Ba ya jiran amsa, sai ya wuce. A tsakar ɗakin wata kanya ta tsiro daga rufi, saiwoyinta a sama, rassanta na sharar daɓe. A jikin wani reshe guntun ƙarfen dogon nan ke rataye, amma sama yake kallo, yana lilo a hankali ba iska.

Ƙarfen ya yi magana. Ba da kunne na ji shi ba, a haƙorana na ji shi.

"Wane ne wannan?"

"Malam Irmiya Tanko, mai kula da gidan nan," na ce, har ina gyara wuyan riga.

"Ban tambayi aikinka ba. Ɗan wa?"

"Ɗan Liyatu."

"Liyatun Rafin Kanya? Me ya sami hannunta?"

Bakina ya riga ni. Abin da ya saba faɗa shekara da shekaru shi ya faɗa. "Gobara ce."

Sai na ji wani sanyi a ɗan ƙaramin yatsana na dama. Na duba. Yatsan ya koma jar ƙasa, irin wadda gara ke ginawa a jikin bango, ya tsattsage, ya zube a daɓe. Na kusa da shi ma ya bi shi. Ba zafi, ba jini, kuma rashin zafin ne ya fi ba ni tsoro. Gara ya duƙa ya tattara ƙasar ya zuba a aljihu.

"Shekara goma sha tara ina kiranta sujada," in ji ƙarfen. "Ba ta taɓa makara ba, ko da ruwa ko da rana. Ban taɓa jin ƙaurin hayaƙi a jikinta ba."

"Mu je," Gara ya ce. "Wannan in ya fara tuna baya ba ya gajiya."

Muka ratsa ta ƙarƙashin rassan, ganye na shafar fuskata da sanyi kamar hannun mara lafiya. Da muka fito sai ga mu a ɗakin hotuna. Duk hotunan da na rataye da hannuna suna nan, amma mutanen ciki sun juya baya, daga Turawan da ke zaune a kujera har waɗanda ke tsaye a bayansu. Ƙeya kawai ake gani, jere-jere. Daga wani lungu kuma ƙarar keken ɗinki ke tashi. Wata mata ce a zaune tana taka shi, kanta a sunkuye, lulluɓe da mayafi. Hannun riga take ɗinkawa, hannu kawai ba riga, ya zubo daga kan keken ya malale a ƙasa ya bi ɗakin yana lanƙwasa, ya fice ta ƙofa ban ga ƙarshensa ba.

"Ɗana ya zo," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Baiwar Allah, ban san ki ba."

"Haba, Irmiya. Da aka yaye ka daga gidan jarirai hannun wa ka faɗa? Ni na kai ka makaranta, ni na zaɓa maka unguwa, ni na raka ka neman aure. Kunya sunana. Ban taɓa neman ko sannu a wurinka ba."

Ta ɗago. Wayyo, fuskata ce a cikin mayafin, har da ɗan tabon askar da ke haɓata.

"Kada ka tsorata," ta ce. "Ba ni da tawa, ta mai ɗinki nake ara. Ka tuna wannan aikin? Shi ne na fi alfahari da shi."

Ta nuna bango da baki. Hoton aurena ne, wanda ke rataye a falona, ban san wa ya kawo shi nan ba. A cikinsa kowa ya juya baya sai mutum ɗaya. Inna na tsaye a can gefe, tana kallona, lulluɓe da babban mayafin nan shuɗi da na saya mata musamman. Na tuna. Da safen ranar na ja ta bayan ɗaki na ce, "Inna, ki bar hannunki a ciki, akwai sanyi." Watan Afrilu ne, kowa na fifita. Ta mayar da hannuwanta ciki. Har aka watse ba ta fito da su ba. Aka kawo shinkafa, aka kawo nama, ta ce ta ƙoshi.

A cikin hoton wani daga dangin amarya ya waiwayo rabi, ya tambaya da 'yar siririyar murya, "Ango, me ya sami hannun tsohuwar?"

Na danne bakina da tafin hannu. Maganar ta bi ta tsakanin yatsu ta fita. "Gobara ce."

Sauran yatsun dama suka zube gaba ɗaya, na hagu biyu suka bi su. Kunya ta yi tsaki irin na tela da ya ga an ɓata masa yadi, ta jawo hannun rigar da take ɗinki ta zura min har ya wuce dungun ya yi ja a ƙasa.

"Ka gani? Ba wanda zai sani," ta ce. "Ka dawo ko yaushe, yadi bai ƙare ba."

Na fita da gudu, hannun rigar na biye da ni yana harɗe min ƙafa. Ƙofar da na bi ta ɗaki na uku ce, amma ba ɗaki a bayanta. Fili ne shimfiɗe, an ja kunya-kunya an yi shuka, sama kuwa rufin kwano ne mai tsatsa tun daga gabas har yamma, ana jin yayyafi na taɓa shi daga can baya.

"Ina ne nan?" na tambayi Gara, wanda ya riga ni isowa ban san ta ina ba.

"Lambun mishan."

"Ai ba a taɓa yin lambu a Rafin Kanya ba. Tsakuwa ce zalla."

"Da can babu. Ɗazu ka rubuta shi. Abin da aka rubuta dole a nema masa wurin zama."

Na matsa kusa da shukar. Na ɗauka kuɓewa ce ta fara fitowa. Da na duƙa sai na ga farce a kan kowane tsiro. Yatsu ne. Dubbai, manya da ƙanana, baƙaƙe da jajaye, sun huda ƙasa sun miƙe, suna ɗan motsi a hankali kamar masu lalube a cikin duhu. Wasu da zobe. Wani babban yatsa na ta murza na kusa da shi, irin yadda mata ke murza zare. 

Tsakanin kunyoyin kofin nan ke tafe shi kaɗai, a iska, daidai tsayin ƙirjin mutum. Ya isa kan tsiro ya karkata ya zuba, ya wuce na gaba. Abin da yake zubawa ja ne, yana ƙamshin zoɓo, don da zoɓo ake yin Jibi a ƙauyukanmu a wancan zamani. Da ya iso gabana ya tsaya. Muryarsa ta tsohuwa ce, a dishe.

"Malam, ka canza min aiki."

"Kati ne kawai," na ce. "Takarda ce. Wa zai cutu?"

"Leɓe ɗari uku da wani abu sun taɓa bakina. Wasu sun tsage, wasu ba sa jin zafi ba sa jin sanyi. Ban ƙyamaci ko ɗaya ba. Yanzu da tsufana ka mai da ni mai ban ruwa." Ya ɗan karkata, kamar mai kallon mutum ta ƙasan ido. "Ba na fushi. Amma waɗanda ke gindina suna tambaya ina za su koma."

Ya juya gindinsa sama. Sunayen na motsi kamar tururuwa, suna rarrafowa gefe, suna faɗowa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Gara ya tara hannu yana cafewa. Na ga na farko ya faɗa, na biyu, na uku. Na huɗu ya iso baki ya maƙale da ƙafa ɗaya.

"Bar wannan!" na daka masa tsawa.

"Af," Gara ya ce, ya janye hannu. "Ni ai ba na ƙwace. Abin da aka yar nake ɗauka."

Can nesa ƙarfen dogo ya buga. Sau ɗaya, sannan sau biyu a jere, kiran Jibi. Yatsun lambun nan duka suka lanƙwashe suka nuna waje guda. Kofin ya bi inda suka nuna, na bi shi, don ƙafafuna ba su nemi shawarata ba.

Shukar ta ƙare, tsakuwa ta fara. A tsakiyar tsakuwar taga ce tsaye, taga kaɗai, da katakonta kore, ba bango a dama ba bango a hagu. Ta gefenta in ka duba fili ne fetal har iyakar gani. Ta cikinta kuwa majami'a ce cike da mutane, ana waƙa ƙasa-ƙasa, fitilar ƙwai na ci a kan bagade da rana tsaka. A wajen tagar mutane sun yi layi, maza da mata, wasu da sanda, wasu ƙafa naɗe da tsumma.  Na ce a raina ai sai su zagaya ta gefe su shiga, tunda ba bango. Na gwada da kaina, goshina ya daki abin da ban gani ba.

"Bangon na nan," in ji Gara. "Shi kam na gwada, ba ya ciwuwa. Shiga layi."

"Ni? Ni lafiyata ƙalau."

Ya dubi hannuwana. Na duba. Hannun rigar Kunya ya zame ya faɗi tun a lambu. Yatsu uku suka rage min a duniya, su ma sun fara ja. Na shiga layi.

Layin na tafiya a hankali. Wani hannu mai farar riga na miƙo kofin ta taga, mutum ya zura dungunsa a kunnuwan, ya kurɓa, ya miƙa wa na bayansa. Kowa kurɓi ɗaya, ya matsa. Har aka zo kan wadda ke gabana, wata yarinyar mace siririya, ba ta fi shekara ashirin da biyar ba, da ɗaurin ɗankwali ya zamo gefe. Ta karɓi kofin ta kai baki. Sai ta tsaya. Ba ta sha ba, ba ta sauke ba. Idanunta na bisa bakin kofin, sun tsallake shi sun shiga cikin majami'ar.

Daga bayana wani tsoho ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Liyatu, sha ki ba mu."

"Yanzu, Baba. Bari ya waiwayo."

Na leƙa ta saman kafaɗarta. A bencin gaba 'yan gidan jarirai ne a jere, an yi musu aski iri ɗaya, riguna iri ɗaya. Na uku daga gefe wani ɗan baƙin yaro ne mai manyan kunnuwa, bai fi shekara huɗu ba, yana wasa da maɓallin rigarsa. Na san kunnuwan nan. Kullum da safe ina ganinsu a madubi.

Kofin ya yi magana yana nan a bakinta, ƙasa-ƙasa, ni kaɗai na ji. "Sau ɗaya a wata ake ba su izinin matsowa kusa haka. Kowa kurɓi ɗaya yake yi. Ita takan mai da nata goma. A bakina ta ga ya fara tafiya, a bakina ta ga ya yi wushirya."

Yaron ya waiwayo. Ya dubi tagar, ya dubi matar da ke riƙe da kofi da hannun da ba yatsu. Na roƙe shi a zuciyata, na ce ɗan nan yi mata murmushi, ko ɗaga mata hannu, ba abin da zai rage ka. Ya ɓata fuska, ya cusa kai a cinyar mai reno.

"Ya ƙara ƙiba," Liyatu ta ce, fuskarta duk haske. "Kun gani? Suna ba shi abinci sosai."

Ta kurɓa. Ta juyo ta miƙo min kofin. Ta dube ni sama da ƙasa, tsoho mai furfura da kwat, ba ta gane ni ba.

"Karɓi, bawan Allah. Sabon zuwa ne? Kada ka ji kunya, zura hannun nan, ka zura ɗayan nan. Da farko ne yake da wuya." Ta gyara min kunnen kofin da dungunta, na ji ɗuminsa a fatata. "Daga ina? Kai ɗan wa ne?"

Na buɗe baki. Wannan karon na san abin da zan faɗa, na shirya shi tsaf. Sai na ji bakin cike da ƙasa, jar ƙasar gara, ta cika min harshe ta toshe maƙogwaro. Na yi ta yunƙuri, ƙasa kawai ke zubowa a kan kwat ɗina. Sauran yatsun suka zube. Kofin ya yi nauyi, ya fara zamewa daga dungun hannuwana, jan ruwan na tangaɗi, sunan nan na huɗu na reto a gindinsa da ƙafa ɗaya. Gara ya matso ya tara hannu biyu a ƙasa. Liyatu na jira, ta karkata kai.

"Ɗan wa?"

Ƙarfen ya buga a tsakiyar kaina.

Na zabura. Tsawa ce. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, rufin kwanon na ta ruri, rigata ta jiƙe sharkaf da gumi. Ana dukan ƙofa. Na yunƙura in dafa tebur, hannuwana suka ƙi. Sun mutu murus saboda na yi barci a kansu, ina ganin yatsun goma cif amma ba na jin ko ɗaya. Da gwiwar hannu na ture sakatar.

Damaris ce, ta rufa buhu a ka. A bayanta Inna, ta rankwafa, ta jiƙe, lulluɓe da shuɗin mayafin nan da ya koɗe ya zama ruwan toka. A bayansu kuma Dattijo Haggai da lemarsa.

"Motar ƙauye ranar Juma'a kaɗai take fitowa yanzu," Damaris ta ce, ba ta ko kalle ni ba. "In ba mu zo yau ba sai wani mako."

"A bakin ƙofa na tsince su," in ji Dattijo Haggai, yana kaɗe lema. "Baƙinka ne, Malam?"

 Inna ta riga ta shige. Idonta ya yi rauni shekarun nan, sai ta bi jikin tebura tana shafawa, ta wuce keken, ta wuce ƙarfen, ta wuce rajista. Ta tsaya daidai gaban kofin kamar an kira ta. Rufin na yoyo a wurin, ɗigon na faɗawa cikinsa, har ya tara ruwa rabi. Katin da na jingina ya jiƙe, tawadar ta zube ta yi shuɗin tabo, kalmar farko kaɗai ta tsira.

Ta fito da hannuwanta daga mayafi. Ta zura su a kunnuwan, dama da hagu, suka zauna daram. Ta ɗaga shi zuwa ƙirjinta.

"Ashe kana nan," ta ce masa.

Dattijo Haggai ya matso, ya dubi kofin, ya dubi hannun. Mutumin kirki ne, da tausayi ya yi tambayar. "Sannu, Mama. Me ya sami hannun haka?"

 Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunana ba, tun da na fara koyarwa Malam take ce min.

"Gobara ce, ranka ya daɗe," ta ce. "Tun da daɗewa. Ko ba haka ba, Malam?"

Ban taɓa faɗar maganar nan a gabanta ba, ko sau ɗaya. Ban san ranar da ta ji ba, ban san a bakin wa ba, ban san shekara nawa ta yi tana ɗauke min da ita ba. Jini ya fara dawowa hannuwana, yatsun suka ɗau zugi kamar an cusa su a gidan tururuwa. Na taɓa harshena da haƙori, na ji ba ƙasa a kai.

"A'a, Inna," na ce. Na ɗaga murya yadda za ta fi ƙarar ruwan. "Dattijo, uwata ce. Kofin Jibin kutare ne na Rafin Kanya. In ka juya gindinsa, sunanta ne na huɗu."

 Damaris ta sauke buhun daga kanta. Inna ba ta ajiye kofin ba. Ta ɗaga shi a hankali har bakinta, ba ta sha ba, ta tsaya tana kallona ta samansa, ta daɗe tana kallo.